Ranar da Butar Alhaji Ta Tsayar da Kamfani

Wani mutum ne a wurin aikinmu, Lawandi sunansa, amma in ka kira shi haka tsurarsa ba zai waiwayo ba. Sai ka ce Injiniya. In kuma kana so ya waiwayo da murmushi har kunne, to ka ce Injiniya Malesiya.

Asalin sunan, shekara shida da suka wuce kamfani ya tura shi kwas a Malesiya. Kwana tara ya yi, har da na cikin jirgi. Amma kwana taran nan tun da suka shiga bakin Lawandi suke ta hayayyafa. Da ya dawo mako uku ne. Bayan shekara suka zama wata huɗu. Bara na ji shi da kunnena yana gaya wa wani sabon direba cewa shekara ɗaya da rabi ya yi, har Hausa ta fara kwance masa. Igiyar katin da aka rataya masa a wajen kwas ɗin har yau tana wuyansa. Ta koɗe, rubutun ya goge, amma ko masallaci da ita yake shiga. Ya taɓa ba mu labarin wata kwamfuta a can da ta yi wata uku a mace, masana daga ƙasa bakwai suka yi suka gaji, shi kuwa ya zo ya tsaya a kanta ya yi gyaran murya kawai, ta tashi.

Kamfaninmu na casar shinkafa ne, a bakin babban titi, mai shi Alhaji Inuwa Mairumbu. A sashen kwamfuta mu uku muka rage bayan shugabanmu ya yi ritaya: Lawandi, da Malama Kubura, wadda ba ta da yawan magana amma aiki na tsoronta, sai ni mai jan waya. Ni ban gama poli ba. Sun ce in maimaita aji, na ce su riƙe ajinsu. Amma duk faɗin kamfanin nan babu wayar da ban san inda ta fito da inda ta dosa ba.

Abin da ya jawo maganar, gafiya ce ta ci wata waya a rufi, rabin kamfani ya wuni a tsaye, aka rasa wanda zai ce ga abin da ke haɗe da wane. Alhaji ya fusata, ya sa aka kawo mana wata manhaja ta rajistar kayan aiki. Abin ba wuya in an fahimce shi. Duk na'urar da ke kamfani sai an rubuta ta a ciki. Amma kafin ka rubuta ko da guda ɗaya, sai ka fara yanka nau'o'i, kamar yadda ake yanka layuka a sabuwar kasuwa kafin 'yan kasuwa su baza kaya: nan layin firinta, nan na batir, nan na saba, wato kwamfutar da ba a zama a gabanta, ita ce ke yi wa sauran aiki a ɓoye. Kowane nau'i da tambayoyinsa. Firinta za a tambaye ka wace tawada take sha, batir kuwa awa nawa yake riƙe wuta. Kowane nau'i kuma da dokarsa: in ya lalace wa za a kira, da wace irin gaggawa, in ya tsufa ina za a kai shi. Daga nan sai ka ja zare tsakanin kaya, ka ce wannan da wancan ya dogara, yadda ranar da abu ya mutu manhaja za ta gaya maka su wa za su bi shi.

Alhaji ya tara mu ya ce mako uku ya bayar. Wanda ya tsara rajistar nan ta yi kyau, shi ne sabon shugaban sashe. Ofis mai esi, kujera mai juyawa, da mabuɗi a aljihu.

Kujerar nan Lawandi ya daɗe yana mafarkinta. Sau biyu na kama shi ya shiga ofishin ba kowa, yana juyi a kanta yana amsa wayar da ba ta yi ƙara ba.

Malama Kubura kuwa aiki ta kama. Ta ɗauki littafi da biro, ta ja ni muka bi kamfani lungu-lungu, tana tambaya ina nuna mata waya. Cikin kwana biyu ta fitar da nau'i bakwai, tsaf. Lawandi ya leƙa littafin ta saman kafaɗarta, ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya gyara igiyar wuyansa, ya haye sama wajen Alhaji. Ni kuma sai na tuna akwai wata waya a ofishin Alhaji da ke neman dubawa.

"Ranka ya daɗe, ka san abin da ake shirya maka a ƙasa?" in ji Lawandi. "Laftof ɗinka da kwamfutar maigadi, wai nau'insu ɗaya. Layi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa."

Alhaji ba mai son girma ba ne can, amma ɗan Adam ne. Ya shafa gemu ya tambayi yadda ake yi a Malesiya.

"A Malesiya, ranka ya daɗe, na'ura darajar mai ita take ci."

Shi ke nan. Aka miƙa wa Lawandi lambar sirrin manhaja, aka ce Malama Kubura ta dakata tukuna a ga na Malesiya. Ta rufe littafinta, ta sa a jaka, ta ce Allah ya taimaka.

Washegari Lawandi ya yanka nau'o'insa. Huɗu ne: Kayan Alhaji, Kayan Manya, Kayan Ma'aikata, sai Tarkace. Tambaya ta farko a kowane fom ita ce: na wane ne? Ta biyu: mene ne muƙaminsa? Ta uku: yana sheƙi ko ba ya sheƙi?

Kafin azahar labari ya zaga kamfani. Manajan sito ya ji an sa kwamfutarsa a Kayan Ma'aikata, ya zo da kilishi a takarda yana tambayar ko akwai kuskure. Aka duba, aka ga lallai akwai kuskure. Shugaban direbobi ya kawo ƙwan zabi. Shi bai kai Manya ba, amma an ji nauyin ƙwan, sai aka yanka masa sabon nau'i, Kayan Masu Tasowa. Surukin Alhaji da ke sashen buhuna ya ce shi ba ya shiga layin kowa, aka yanka masa nasa shi kaɗai. Akwai wani dattijo da ya yi shekara ashirin yana aiki, ya zo ido jawur yana cewa an sa firintarsa ƙasa da ta yaron da shi ya koya wa aiki. Cikin mako guda nau'i huɗu suka zama goma sha tara. Lawandi ya yi kumatu. Teburinsa kullum kamar an dawo daga suna.

Wajen shigar da kaya kuwa, daga ofishin Alhaji ya fara, don girmamawa. Yana shiga ya ci karo da sakatariya ta ɗauko butar shayi ta lantarki, irin mai sheƙin nan kamar madubi. Ta wane ce? Ta Alhaji. Tana sheƙi? Har ido take kashewa. Ya ɗauke ta hoto, ya shigar. Ita ce abu mai lamba ɗaya a rajistar kamfani gaba ɗaya.

A nan aka fara samun 'yar tangarɗa. Tunda buta da laftof nau'insu ɗaya, tambayoyinsu ma ɗaya ne, manhajar kuma ba ta yarda a bar gurbi ba a cike ba. Ta ce sai an ba ta lambar adireshin buta a netuwok. Lawandi ya kalli rufi, ya ƙirƙiro lamba ya ba ta. Da aka zo kan laftof, ta ce lita nawa take ci. Ya rubuta biyu. Malama Kubura ta ga wannan, ta tashi ta fita waje ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo idonta da ruwa saboda dariya.

Sai jan zare, wato wa ya dogara da wa. Lawandi ya ce wannan ai ko tambaya ba ce ba. Duk kamfanin nan wa ye bai dogara da Alhaji ba? Manhaja ta ce ita ba a ɗaura zare a jikin nau'i, sai a jikin abu guda. Ya ce to, a ɗaura a na farko. Zare ɗari biyu da goma sha ɗaya, kowanne ya tashi daga inda yake ya haye sama ya ɗaure a hannun buta. In ka kalli hoton a allo, kamar lema ce aka buɗe, buta a kan tsini.

To, a bakin ƙofar kamfani akwai sikelin motoci. Duk motar da ta kawo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, sai ta hau da kayanta, ta sauke, ta sake hawa ba kaya, sannan a fitar mata da tikiti. In ba tikiti ba sauke kaya, ba shiga, ba fita. Mai kula da ɗakin sikelin Baba Ɗantani ne, dattijo mai goro a kunci, wanda ya riga kowa zuwa kamfanin in ban da Alhaji. A ƙarƙashin teburinsa akwai wani tsohon akwatin ƙarfe, ba allo, ba madannai, ɓuntu ya lulluɓe shi har ba a gane launinsa. Ba ya komai sai ɗan gurnani, huuu, dare da rana.

Nan Lawandi ya zo a ƙarshen zagayensa, da hankici a hanci. Ya taɓa akwatin da bakin takalmi.

"Baba, wannan na wane ne?"

"Ni dai a nan nake ganinsa, Injiniya. Ɗumi gare shi. A kai nake ɗora kular tuwona, har la'asar ba ya hucewa."

Ba mai shi, ba muƙami, ba sheƙi. Lawandi ko sunkuyawa bai yi ba. Tarkace.

Da ya dawo ofis Malama Kubura ta gaya masa a hankali cewa akwatin ɗakin sikeli saba ce, ita ke karɓar awo daga sikeli ta fitar da tikiti. Lawandi ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce Malama ba laifinta ba ne, ba ta fita waje ba. Shi ya ga saba da idonsa. Tsayinta kamar ƙofa, fitilu shuɗɗa suna wal-wal, ɗakinta sanyi kamar firji, sai ka cire takalmi kafin ka shiga. Ina aka taɓa ganin saba da tuwo a ka? Ya juyo ya tambaye ni ko ba haka ba.

Ni na ja wayar akwatin nan da hannuna, shekara takwas da suka wuce, har da faɗowa daga tsani. Amma na ce masa ni da ban gama makaranta ba, ina ni ina gyara wa Malesiya zance. Ya ji daɗi har ya miƙo mini yankan kilishi. Malama Kubura ta harare ni, sannan da yamma ta je ta kwafe duk abin da ke cikin akwatin ta adana, ba ta gaya wa kowa ba.

Abin da ni da ita ba mu sani ba shi ne, Lawandi ya ɗora wa nau'in Tarkace doka a ɓoye. Ta farko, duk abin da ke ciki ba a gyara shi, ko an kawo ƙara a rufe. Ta biyu, ranar da za a nuna wa Alhaji aiki, da sassafe manhaja da kanta za ta aika wa manajan sito takarda a kira mai gwangwan ya kwashe su. Nufinsa yana cikin bayani ya ja labule, Alhaji ya hango tarkace suna fita da kansu, shi kuma ya ce ka ga yadda kamfani ke share kansa a Malesiya.

Ranar ta zo, Alhamis, ƙarfe goma na safe, tsakiyar kaka, lokacin da motocin shanshera ke zuwa kamar tururuwa. Ɗakin taro ya cika. Manajoji duk sun zo, Alhaji ya gayyato abokansa biyu su ga ci gaba. Lawandi ya sha kwat a cikin zafin nan, igiya a wuya, turare har bakin matakala.

Ni aka sa in haɗa majigi. Soket ɗaya ne kusa da tebur, kuma butar Alhaji ce a jiki, an sauko da ita don shayin baƙi. Majigi kuwa ba ya aiki da addu'a. Na zare buta na sa majigi.

Lawandi ya fara. Ya yi minti ashirin a filin jirgin Malesiya kafin ya iso kan manhaja. Can sakatariya ta zo zuba shayi ta ji ruwa sanyi ƙalau. Ta taɓa nan, ta taɓa can, ta raɗa mini cewa buta ta ƙi. Na raɗa mata cewa yanzu an daina kai ƙara da baki, Injiniya ya hana, sai ta manhaja. Doka kuwa doka ce. Ta ciro wayarta ta rubuta.

Ƙirrr. Tit-tit. Ƙirrr. Wayar kowane manaja a ɗakin ta ɗauka lokaci guda, har da ta Alhaji. Allon da ke bango ya rikiɗe ja wur. Manajan injuna ya karanta saƙon da ƙarfi: gaggawa ta ɗaya, abu mai lamba ɗaya ya tsaya, na'urori ɗari biyu da goma sha ɗaya za su tsaya tare da shi, kowa ya bar abin da yake yi. Bai ƙarasa ba ya miƙe zai ruga ya kashe injin casa. Ɗaya daga abokan Alhaji ya fara laluben takalminsa a ƙarƙashin tebur.

Alhaji ya ɗaga hannu kowa ya tsaya. Ya tambaya mene ne abu mai lamba ɗaya.

Lawandi ya ce wani muhimmin ginshiƙi ne na tsarin, bayaninsa zai ɗauki lokaci. Malama Kubura daga kujerar baya ta ce ai ba sai an yi bayani ba, in ya danna lambar, hoto zai fito. Alhaji ya ce a danna.

Lawandi ya danna. Buta ta cika bango, tana sheƙi, har ana hango Lawandi a jikinta riƙe da waya yana ɗaukar hoton.

Sai abokin Alhaji mai neman takalmi ya fashe, sauran suka bi. Manajan injuna ya koma ya zauna yana share gumi yana salati. Amma Lawandi, a ba shi abinsa, ba ya faɗuwa da wuri. Ya ce wannan gwaji ne, da gangan ya shirya, a Malesiya duk Alhamis ake yi don a ga ko ma'aikata a farke suke. Ni kuma na lallaɓa na sa buta a wani soket a bayan labule, ta fara shuuu. Lawandi ya rufe ƙarar sakatariya a manhaja, allo ya koma kore shar.

"Kun gani?" ya ce, ƙirji ya dawo. "Kore ko'ina. Duk kamfanin nan yanzu babu abin da ke ciwon kai."

A daidai nan aka fara jin hon. Ɗaya tukuna, fiii. Sai biyu. Sai kamar duk motocin duniya sun haɗa baki. Ana haka aka turo ƙofa, Baba Ɗantani ya shigo rungume da kular tuwonsa, ya cire takalmi, ya gaida Alhaji, ya gaida baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyali, sannan ya ce shi dai ya zo ne a kan an ɗauke masa abin ɗora kula.

"Tun ƙarfe tara Sallau mai gwangwan ya zo da takarda, Alhaji. Ni ba na jayayya da takarda. Yana zare abin, sikeli ya daina magana. Motoci sun kai gada."

Alhaji ya tambaya me ya sa ba a kawo ƙara ba. Baba ya ce an kawo, akawun sikeli ya rubuta a manhaja kamar yadda aka ce, har amsa ta zo nan take. Ya miƙa 'yar takardar da aka kwafa masa. Alhaji ya sa tabarau ya karanta a fili: tarkace ba a gyara shi, an rufe ƙara, mun gode.

Ya cire tabarau. Ya kalli allo, kore shar. Ya je ya ja labulen da Lawandi ya yi niyyar ja. Motoci ne jere har inda ido ya ƙare, direbobi sun sauko suna ɗaga hannu sama.

"Injiniya, bango ya ce lafiya lau, taga ta ce ba lafiya. Wanne zan ɗauka?"

Lawandi ya ce matsalar direbobi ce, ba su fahimci tsarin ba tukuna. Alhaji bai ko kalle shi ba, ya ce Malama Kubura ta zo ta nemo masa akwatin nan a rajista. Ta zo, danna biyu ta yi. Ga shi nan a bango, harafi manya-manya. Nau'i: Tarkace. Masu dogara da shi: babu. Wanda ya shigar: Lawandi. Wanda ya sa dokar kwashewa: Lawandi. Har da rana da minti.

Alhaji mutum ne da in ya yi fushi muryarsa ƙasa take yi. Ya ce, kamar mai ba da saƙon cefane, "Injiniya, Sallau da guduma yake aiki. In ya riga ka, ka wuce gida daga can."

Ban taɓa sanin mai kwat yana gudu haka ba. Matakala uku-uku yake tsallakewa. Na bi shi, na ce wa Alhaji don in gane akwatin, amma gaskiya kallo ne ba na so ya wuce ni. Muka haye acaɓa ɗaya mu biyu, Lawandi yana dukan kafaɗar mai babur yana cewa ƙara wuta, igiyar Malesiya tana kaɗawa a baya tana marina a fuska.

Filin Sallau yana bayan tasha. Muna shiga muka hango shi zaune a kan tsohuwar taya, akwatin a tsakanin ƙafafunsa, ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga guduma. Lawandi ya diro tun babur bai tsaya ba, ya yi wata ƙara da ban san daga ina ta fito ba, ya faɗa kan akwatin ya rungume shi kamar ɗansa ne ya dawo daga tafiya. Ɓuntu ya tashi buu, ya rufe su duka.

Sallau ya sauke guduma a hankali. Mutum ne siriri, ba ya gaggawa a komai. Ya ciro takarda daga hula ya warware. Ya ce shi kaya goma sha huɗu aka rubuta masa, goma sha huɗu ya ɗauka, ga sunan wani Injiniya Lawandi a ƙasa, in akwai magana a je a nemo shi.

Lawandi ya ce ai shi ne. Sallau ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce to ai shi ya ce tarkace ne. Lawandi ya fara bayanin cewa a Malesiya akwai tarkace na dindindin akwai na wucin gadi. Sallau ya sake tofa yawu a tafi ya kai hannu ga guduma. Nan take Malesiya ta ƙare. Aka koma don Allah, don Annabi, don darajar iyaye, Malam Sallau, babban yaya. Har hula Lawandi ya nema zai cire, ya tuna ba ya sanye da ita.

Daga ƙarshe Sallau ya yarda, amma ya ce zai biyo mu, don takardarsa ta ce sha huɗu, ba zai koma da sha uku ba sai ya ji daga bakin mai kamfani. Muka shiga akori-kurarsa. Muna isa gada hanya ta toshe, ko keke ba ya wucewa. Sai a ƙafa, kuma tafiyar ba kaɗan ba ce.

Sallau ya ce kayan yanzu ba nasa ba ne, ba ya ɗauka. Ni kuma tun safe bayana ke ciwo, kowa ya sani. Lawandi ya kalli akwati, ya kalli hanya. Ya cire kwat, ya naɗe ta gammo, muka ɗora masa.

Haka ya ratsa tsakanin motoci sun fi sittin, akwati a ka, ɓuntu na zubo masa a fuska yana manne wa gumi. Direbobi kuwa labari ya riga ya iso musu. Wani ya ce sannu da aiki, Malesiya. Wani ya tambaya ko a can ma a ka ake ɗauka. Wani ya bi shi a baya da hon ɗin baki, fi-fi, a ba Injiniya hanya. Masu sayar da rake da fura duk suka bar sana'a suka bi mu. Kafin mu kai ƙofa mun zama ayari.

A ɗakin sikeli Alhaji da baƙinsa da manajoji duk suna tsaye. Lawandi ya sauke, wuya ya ƙage. Malama Kubura ta durƙusa ta hure ƙura, na miƙa mata wayoyi ta mayar kowacce gurbinta, ta danna. Shiru. Lawandi ya rufe ido, leɓe na motsi. Na matsa kusa na raɗa masa ya gwada gyaran murya mana. Sai akwati ya ce huuu. Motar da ke kan sikeli tun ƙarfe tara ta ga lambobi sun fito, firinta ta ce cirrr, tikiti ya faɗo. Waje ya ɗauki hon, wannan karon na murna. Baba Ɗantani ya sunkuya ya mayar da kularsa a kan akwatin, ya gyara mata zama.

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya ciro mabuɗin ofis mai esi, ya miƙa wa Malama Kubura. Ya ce ta rushe nau'o'in nan goma sha tara ta kawo nata bakwai, kowace na'ura ta koma layin 'yan uwanta, tasa ma ta zauna kusa da ta maigadi ba abin da zai same ta. Butar kuma a cire ta daga rajista, ta ji da shayi kawai.

Lawandi yana tsaye a gefe, kwat a hannu kamar tsumma, yana kallon mabuɗin har ya shige jaka.

Sai Sallau ya yi gyaran murya, ya warware takardarsa, ya ce ranka ya daɗe saura maganarsa. An rubuta masa sha huɗu, yanzu sha uku ne a hannu.

Alhaji ya waiwaya, ya nuna da haɓa. "Ga Injiniya nan. Cike da shi."

Sallau bai yi dariya ba. Ya zagaya Lawandi sau ɗaya a hankali, yadda yake zagaya tsohon janareta. Ya ɗaga igiyar wuyan ya duba, ya sake ta. Sannan ya ninke takardarsa ya mayar cikin hula.

"A bar ni da sha ukun, Alhaji. Kowane tarkace in ka fasa za ka samu ɗan jan ƙarfe a ciki. Wannan tun daga bayan tasha nake sauraronsa, ba abin da za a cira."